GUMI DA WARI DA ƘAMSHI A MA'AUNIN SHARI'A

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi ɗan Adam Ya kyautata halittarsa, Ya ba shi ji da gani da shaƙa, Ya ajiye masa abin lura a cikin kowace gaɓa tasa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan wani abu ne da mutane ke jin nauyin ambatonsa a bainar jama'a, alhali kuwa kullum yana tare da mu, a gona da kasuwa da mota da sahun salla. Abin nan kuwa shi ne gumi, wanda waɗansu ke ce wa zufa ko jiɓi, da abin da ke biyo bayansa na wari ko ƙamshi. Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Sabo da warin jiki an sha ƙyamar talaka a masallaci, an sha samun miji da mata sun juya wa juna baya ba tare da ɗayansu ya iya faɗin dalili ba, an kuma sha cinye kuɗin mutane da sunan turaren farin jini. Malaman fiƙihu ba su ji kunyar wannan babi ba, likitoci ma ba su ji ba. Sabo da haka za mu jera abin da kowanne ya faɗa, domin mu san abin da ke kanmu.

YADDA GUMI KE FITA

A cikin Suratuz Zariyat, aya ta 21, Allah Ya zargi mutanen da ba su duba jikinsu su yi tunani. To, bari mu duba fata. Masana jikin ɗan Adam sun ƙiyasta cewa a cikin fatar mutum guda akwai 'yan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kowanne kamar siririn zare ne da aka cukurkuɗe a ƙarƙashin fata, bakinsa yana buɗewa a waje. Sun fi yawa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi. Ruwan da suke fitarwa kuwa, kashi 99 cikin 100 ruwa ne zalla, sauran ɗan abin da ya rage gishiri ne da makamantansa.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana tsayawa ne wajen digiri 37, ko ana sanyi ko ana zafi. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da aka ɗora wa tsaron wannan awo. Da ya ji jini ya ɗau zafi sai ya aika da umurni ta jijiyoyi, maɓuɓɓugan nan su saki ruwa a kan fata. Fitowar ruwan kaɗai ba ta sanyaya jiki, bushewarsa ce ke sanyayawa, domin ruwa ba ya zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake kai. Duk wanda ya san randar ƙasa ya san wannan sirri. Ruwan randa ya fi na bokitin ƙarfe sanyi domin randa tana tsattsafo, iska tana busar da tsattsafon, zafi yana tafiya tare da shi. Watau randa gumi take yi. Lita guda ta gumi idan ta bushe a jikin mutum takan ɗauke zafin da ya isa ya kai ruwa wajen lita 7 ga tafasa. Wannan ne ya sa zafin damina ya fi takura mutum ko da bai kai na bazara ƙuna ba, domin iska ta riga ta ƙoshi da laima, gumi sai dai ya zuba, ba ya bushewa.

Daɗa ka duba dabbobi. Kare ba shi da wannan baiwa sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, shi ya sa yake zaro harshe yana haki. Raƙumi kuwa tattalin ruwa yake yi, yakan bar zafin jikinsa ya hau da rana har ya wuce digiri 40, ya sauka da dare, don kada ya ɓarnatar da ruwa. Ɗan Adam yana cikin halittun da suka fi kowa iya gumi, da haka ne yake iya yin huɗa da tsakar rana. Akwai waɗanda akan haifa ba su da waɗannan maɓuɓɓugai ko suna da kaɗan, rayuwarsu a ƙasar zafi tana cikin haɗari kullum. Ashe abin da muke gogewa da ƙyama ni'ima ce wadda ba mu cika gode mata ba.

Amma fa ni'imar nan tana da farashi. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita guda a awa, wani har ya fi, tare da gishirin jikinsa. In bai mayar ba jini ya ragu, jiri ya zo, daga nan sai ruɗewa da faɗuwa. A Hajjin shekarar 2024 hukumomin Saudiyya sun bayyana mutuwar alhazai 1,301, a ranakun da zafi ya haura digiri 50 a Makka. A watan Afrilun shekarar 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Sabo da haka a san cewa Annabi (S.A.W.) ya yi umurni da a jinkirta Azahar har rana ta ɗan yi sanyi idan zafi ya tsananta, malamanmu kuwa sun ce mai azumin da ya ji tsoron halaka wajibi ne ya sha ruwa, ya rama daga baya. Wanda aka ga ya ruɗe ko ya faɗi a rana, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

HUKUNCIN GUMI

Gumi mai tsarki ne. Shehu Halilu a Muhtasar ya lissafa shi tare da hawaye da yawu da majina a cikin abubuwa masu tsarki daga duk wani mai rai. Sabo da haka gumin mai janaba, da na mai haila, da na wanda ba Musulmi ba, da na jaki ko dokin da ka hau, duk ba su ɓata tufa. Gumi ba ya warware alwala, ba ya wajabta wanka. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Abu Huraira ya taɓa sulalewa daga wurin Annabi (S.A.W.) don yana da janaba, da ya komo sai aka karantar da shi cewa mumini ba ya zama najasa. Muslimu kuma ya ruwaito cewa Ummu Sulaim takan tara gumin Annabi (S.A.W.) a kwalba idan ya yi barcin rana a gidanta, ta gauraya shi da turarenta. Ƙamshin wannan gumi baiwa ce da Allah Ya keɓe shi da ita, amma hadisin hujja ne a kan tsarkin gumi.

To, wanda ya ja jikinsa daga ɗan dako ko bakanike a sahu, yana zaton taɓa shi zai ɓata masa salla, ya jahilci fiƙihu, kuma ana jiye masa tsoron girman kai. Addinin da ya yi umurni a biya lebura ladansa tun guminsa bai bushe ba, kamar yadda ya zo a ruwayar Ibnu Majah, bai ɗauki gumin neman halal abin wulakanci ba.

DAGA INA WARI KE ZUWA?

Hausa tana da arzikin kalmomi a wannan fage. Akwai wari da ɗoyi, akwai ƙarni na kifi, da zarni na fitsari, da ƙauri na abin da ya ƙone, da hamami, da tsami. Amma abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, gumi a lokacin fitowarsa kusan ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Maɓuɓɓugan gumi iri biyu ne. Na farko su ne waɗanda muka ambata, masu ruwa da gishiri, sun game jiki duka. Na biyu suna taruwa ne a hammata da matse-matsi da kewayen kan nono, ba su buɗewa a sarari sai a cikin ramin gashi, kuma abin da suke fitarwa mai kauri ne, mai maiƙo. Waɗannan ba su fara aiki sai mutum ya doshi balaga, shi ya sa ƙaramin yaro zai yini yana guje-guje ba a ji masa warin hammata ba. A kan fatar kowane mutum kuwa, sarki ne ko bafade, akwai miliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Yawancinsu ba su cutarwa, waɗansu ma suna tare mugayen ƙwayoyi. Su ne ke cin wannan maiƙo su narka shi, abin da suka fitar shi ne hanci ke ji. Wani yana da tsami irin na akuya, wani kuwa yana da sinadarin farar wuta a cikinsa, sai ya yi kama da albasa. Wal hasili, wari yana bukatar abu uku: maiƙo, da ƙwayoyin nan, da lokaci. Gashi kuwa shi ne ke riƙe laima ya ba su wurin zama.

Yanzu ka duba inda Shari'a ta ɗora yatsa. A cikin sunnonin fiɗira, waɗanda Ibnu Abi Zaid ya ware musu babi a Risala, akwai tuge gashin hammata da aske gashin mara. Muslimu ya ruwaito daga Anas cewa an iyakance kada a bar su su wuce kwana 40. Waɗannan wurare biyu su ne ainihin matattarar maɓuɓɓugai iri na biyu. Tugewa ita ce sunna, wanda bai iya jure zafinta ba ya aske, domin manufa ita ce gusar da gashin. Sauran magani sananne ne: ruwa da soso da sabulu, ko da na salo ne, da busar da jiki, da sauya tufa. A lura kuma, yadin roba ya fi na auduga riƙe wari, kuma rigar da aka sa jiya ba a wanke ba tana komowa da ƙwayoyinta ko da an yi wanka sau uku.

Har wa yau akwai abin gado a cikin al'amarin. A shekarar 2006 masana a Japan sun gano ƙwayar gado guda wadda ke hukunta ko dauɗar kunnen mutum za ta zama busasshiya ko mai danshi, daga baya aka tabbatar ita ce kuma ke hukunta yawan abin da hammata ke fitarwa. Yawancin mutanen Koriya da Sin da Japan suna da nau'in da ke rage wari, mafi yawan mutanen Afirka da Turai suna da ɗaya nau'in. Ko a gida ɗaya za ka sami wani ya fi wani gumi. Wannan rabo ne, babu fifiko a cikinsa, babu zunubi. Abin da za a tambayi mutum shi ne ƙoƙarin da ya yi.

HAƘƘIN JAMA'A A KAN HANCINSU

Kasancewar gumi mai tsarki bai halatta wa kowa ya cutar da mutane ba. Asalin wankan Juma'a ma daga nan ya taso. Nana A'isha ta ba da labari cewa mutane sukan zo Juma'a daga unguwannin bayan Madina, ƙura da gumi sun same su, wari yana tashi daga gare su, sai Annabi (S.A.W.) ya nuna musu su yi wanka domin wannan rana. Abu Dawuda ya kawo bayanin Ibnu Abbas cewa a lokacin mutane suna cikin talauci, tufafinsu na gashi ne, suna ɗaukar kaya a bayansu, masallacin kuwa ƙarami ne mai gajeren rufi. Ka lura da wannan ladabi. Ba a kore su ba, ba a ware musu sahu ba, ba a kunyata kowa da suna ba. An ɗora wanka a kan kowa da kowa, mai kuɗi da talaka, don kada a gane da wa ake. A mazhabar Maliku wannan wanka sunna ne mai ƙarfi, kuma an sharɗanta a haɗa shi da tafiya masallaci. Hikimar a fili take: wanda ya yi wanka da asuba ya koma gona har rana ta take, ƙwayoyin nan sun sami lokacin da suke bukata.

Game da tafarnuwa da albasa kuwa, hanin ya fi tsanani. Ya tabbata a Buhari da Muslimu cewa wanda ya ci su ɗanye ya nisanci masallaci, an kuma ba da dalili cewa mala'iku suna cutuwa da abin da ke cutar da 'yan Adam. Sayyidina Umar ya faɗa a huɗuba cewa ya ga ana fitar da mai irin wannan wari har zuwa Baƙi'a, ya ce wanda zai ci su ya kashe su da dahuwa. Mai tambaya zai ce, in na yi asuwaki fa? Amsa ita ce, warin tafarnuwa ba a baki kaɗai yake ba. Idan aka tauna ta ɗanya, wani sinadari mai farar wuta yakan shiga jini, hanta ba ta saurin narka shi, sai ya riƙa fita ta huhu da fata har tsawon yini guda ko fiye. Asuwaki yana wanke haƙora amma ba ya kai wa ga jini. Wuta kuwa tana kashe abin da ke haifar da yawancin wannan sinadari, shi ya sa dafaffiya ta fi sauƙi. Masu shan hulba ma sun san yadda take fita a guminsu.

Malamai sun yi ƙiyasi a kan wannan, suka haɗa da duk mai sana'ar da ke barin wari a jiki, kamar mahauci da mai kifi da majemi, cewa su sauya tufa kafin su shiga jama'a. Mai shan taba ya fi cancanta da wannan hukunci, domin su neman abinci ya kai su, shi kuwa sha'awa. Haka kuma mai cire takalmi ya shiga da safa wadda ta kwana biyu a ƙafa, ya sani akwai goshin da zai sauka inda ya taka.

SAƘON DA KE BI TA HANCI

A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu. Al'umma kuwa ba ta zama sai da hanyar sanarwa, kuma da yawa daga cikin halittu da wari suke sanar da juna. A shekarar 1959 wani masani Bajamushe, Adolf Butenandt, bayan aikin kusan shekara 20, ya tace wani sinadari daga jikin matan malam-buɗe-littafin tsutsar siliki wajen 500,000. Abin da ya samu bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba, amma ɗan burbushinsa ya isa ya sa namiji ya kama kaɗa fiffike yana neman mace. A wannan shekara aka raɗa wa irin wannan sinadari suna feromon, watau abin da halitta ke saki domin ya motsa ɗan jinsinta.

Ba sai mun je Jamus ba. Jerin tururuwa da kake gani ba sa kauce hanya, wari suke bi wanda na gaba suka shafa a ƙasa. Goge wurin da yatsa ka ga yadda za su dabarbarce. Kudan zuma idan ta harbi mutum takan bar wani wari a wurin da ke kiran 'yan'uwanta, hayaƙin masu cire zuma yana taimakawa wajen rufe shi. Makiyaya sun san tunkiya tana sansanar ɗanta a sa'o'in farko bayan haihuwa, daga nan ba ta yarda da na wata. Warin bunsuru da muke toshe wa hanci kuwa yana tayar da awaki su nemi barbara, a shekarar 2014 masana a Japan suka ware sinadarin da ke yin wannan aiki.

Mutum fa? Hancinsa yana da na'urorin karɓar wari kusan iri 400. Linda Buck da Richard Axel na Amurka ne suka gano asalinsu a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Hanyar da wari ke bi zuwa ƙwaƙwalwa tana maƙwabtaka da ma'ajiyar tunawa da ta shauƙi, shi ya sa ƙamshin wani turaren wuta zai iya tuna wa dattijo ɗakin mahaifiyarsa bayan shekara 50. A 1975 wani likita a Ingila ya nuna cewa jariri ɗan kwana 6 yana juya kai wajen ƙyallen da ya taɓa nonon uwarsa, ya bar na wata. An kuma gwada iyaye mata, aka ga da yawansu suna gane rigar jaririnsu da sansana kaɗai.

Wannan zai tuna mana da Annabi Yaƙubu (A.S.). A Suratu Yusuf, aya ta 94, an ba da labarin yadda ya ji ƙamshin ɗansa tun ayari yana barin Masar da rigarsa. Sanin uba ga ƙamshin ɗansa, da riƙe ƙamshi da riga ke yi, abubuwa ne na al'ada. Amma jin sa daga nisan kwanaki, wanda aka ruwaito daga Ibnu Abbas cewa tafiyar kwana 8 ce, wannan mu'ujiza ce, babu hancin da ke yin haka. Haka nan maganar tururuwa da Annabi Sulaimanu (A.S.) ya ji a Suratun Namli. Kada ɗalibi ya yi gaggawar fassara aya da kowane sabon bincike, domin bincike yana sauyawa, aya kuwa ba ta sauyawa.

TURARE DA 'YAN DAMFARA

Ga misalin sauyawar bincike. A 1971 wata ɗaliba a Amurka ta wallafa cewa matan da ke zaune wuri ɗaya hailarsu takan daidaita, aka danganta abin da wari. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da haka ba. A 1995 a birnin Bern na Suwizalan aka ba maza 44 riguna suka kwana biyu da su, mata 49 suka sansana, aka ga sun fi karkata ga warin mazan da garkuwar jikinsu ta saɓa da tasu. Waɗanda suka maimaita gwajin, waɗansu sun sami haka, waɗansu ba su samu ba. Har yau babu wani sinadari guda da masana suka haɗu a kan cewa shi ne feromon na ɗan Adam. Sabo da haka duk mai tallar kwalba a kasuwa ko a waya, yana cewa ilmin zamani ya tabbatar turarensa yana jawo mace ko yana mallake miji, ƙarya yake yi, kuɗin da ya karɓa kuwa cin dukiyar mutane ne da ɓarna. In kuma an haɗa da tsubbu, to musiba ta zama biyu.

Turare kansa abin so ne. Annabi (S.A.W.) yana son sa, ba ya mayar da shi idan aka ba shi. Almiski, wanda ya yaba, daga jakar cikin wata barewa yake ta duwatsun Tibet da Himalaya, wadda namijinta ke sanar da mata da shi. Malamai sun hukunta shi da tsarki domin ya juya daga asalinsa zuwa abu mai kyau. Jibda ma daga dabba take. Al-Kindi na Bagadaza, a ƙarni na 9, ya rubuta littafi a kan haɗa turare mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Humra da turaren wuta na matan Barno da Chadi da Sudan, da kajiji da sandal da farce, duk halal ne, kuma ado ne tsakanin ma'aurata. Iyakokin su ne: mace ba ta shafa turare mai tashi ta fita cikin maza, ko da masallaci za ta, mai harami da Hajji ko Umra ba ya taɓa shi, mai takaba ta bar shi wata 4 da kwana 10, sai ɗan abin da aka yi mata rangwame bayan wankan haila. Kuma a sani turare ba ya maye gurbin wanka. Wanda ya fesa shi a kan tsohon gumi ya haɗa wa jama'a wari biyu.

GWANO DA WARIN JIKINSA

Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma sun yi gaskiya. Hanci yakan daina kai rahoton warin da ya daɗe tare da shi bayan 'yan mintoci. Sabo da haka mai wari sau da yawa bai sani ba, kowa yana gudunsa, babu mai gaya masa. Yin zancensa a bayan ido giba ce, toshe hanci a gabansa izgili ne. Abin da ya dace shi ne na kusa da shi ya keɓe shi, ya faɗa masa da lafazi mai taushi, in da hali ya haɗa da kyautar sabulu ko turare. Miji da mata su ne suka fi cancanta su yi wa juna haka. Ibnu Abbas yakan ce yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa. Maigidan da ke neman humra a ɗaki alhali shi ya shigo da gumin yini guda bai yi adalci ba. Iyaye kuma su koya wa yara wannan tun suna dosar balaga, malaman allo da masu unguwa su duba ko almajirai suna da ruwa da sabulu kafin a zarge su da ƙazanta.

Wani warin kuwa ba na sabulu ba ne, na likita ne. Numfashin mai ciwon sukari idan ya yi ƙamshi kamar 'ya'yan itace da suka nuna ƙwarai, tare da amai da galabaita, alama ce ta haɗari, a kai shi asibiti nan da nan. Ciwon ƙoda mai tsanani yakan sa numfashi ya yi zarni. Akwai wata cuta ta gado da aka fara bayyanawa a 1970, mai sa jiki ƙarnin kifi kome yawan wanka, mai ita abin tausayi ne. Gumin dare mai jiƙa shimfiɗa tare da tari da rama yana cikin alamun tarin fuka. Sauro ma da wari yake gano mu, musamman na ƙafa. A wani bincike da aka bayyana sakamakonsa a 2018 aka ba 'yan makaranta a Gambiya safa suka kwana da ita, aka aika Ingila, karnukan da aka horar suka gane wajen kashi 70 cikin 100 na safar yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Daga ƙarshe, ya 'yan'uwa, mu tuna ma'aunin Allah dabam yake da na hancinmu. Warin bakin mai azumi ya fi almiski a wurinSa, kuma jinin shahidi zai zo ran ƙiyama da ƙamshin almiski. Muslimu ya ruwaito cewa a wannan rana za a kusanto da rana, mutane su nutse cikin gumi gwargwadon ayyukansu, wani zuwa idon sawu, wani zuwa gwiwa, wani zuwa ƙugu, wani har ya kai masa baki. Mutanen Aljanna kuwa abincinsu gumi zai zama mai ƙamshin almiski. Wanda ya wanke jikinsa don kada ya cuci ɗan'uwansa a sahu, ya kuma wanke hannunsa daga haƙƙin lebura, ya yi tanadi domin wancan yini.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da jikunanmu, Ya sanya mu a inuwar Al'arshinSa, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu.